Addar Maƙwabcinmu

Ina 'yar shekara tara, kakata Hajiya tana da zogale guda ɗaya a bayan gidanmu na Fort Washington, can ƙasar Turawa. Daga Maraɗi ta zo da irinsa ƙulle a bakin zane, ta yi ta lallaɓa shi har ya fi ta tsawo.

Wata la'asar maƙwabcinmu, wani tsoho ɗan Filifin, ya tsallako shinge babu sallama, riƙe da addar ƙasarsu da suke kira bolo. Har yau ina ganinta, baƙa, mai faɗin kai, ƙotarta ta ƙaho duk ta sha hannu. Sara ɗaya ya yi, zogalen ya dawo iya gwiwa. Warin ɗanyen ganye ya cika wurin.

Ya ce mini da Turanci haka suke yi a garinsu, don ya yi rassa.

Hajiya ta miƙe ta dube ni. "Gaya masa Allah ya isa! Uban wa ya aiko shi?"

Na kalli addar, ruwan itacen yana bin bakinta. Na ce masa kakata tana godiya. Ya yi murmushi, ya kwashi rabin ganyen, ya tafi.

Hajiya ba ta jin Turanci, amma ta san "tankiyu". Ta dube ni ta ce, "Ashe da ke aka sare shi."

Zogalen ya yi rassa kamar yadda ya faɗa. Hajiya ba ta ƙara tsinkar ko ganye ɗaya ba, ba ta kuma ƙara ba ni saƙo wurin kowa ba.

Tsohon ya mutu tuntuni. Ban yafe masa ba.