Ranar da Gajere Ya Ƙi Kirana

Ina yaro a Lausu, kawuna ya kawo mini kwikwiyo, irin ƙananan nan da ba sa girma. Na raɗa masa Gajere, na cika unguwa da cewa ni na hore shi.

Wata la'asar Baffa, yayan babanmu, ya zo daga Kibiya. Ya ce, "To, kira shi mu gani."

Na yi fito, na yi kira har muryata ta dushe. Gajere ya wuce ni, ya kwanta a ƙafar Inna, wadda take jiƙa masa ɗumame kullum in na tafi ƙwallo.

Baffa bai yi dariya ba. A hankali ya ce, "Wa yake ba shi abinci?"

Na sunkuyar da kai. Har yau in na tuna, kunya nake ji.