Bangon Ofishin Oga

Anti Sannu ta kai rabin bene kafin bayanta ya ce a tsaya a yi shawara. Ta tsaya, ta riƙe ƙarfe, tana jiran ya gama maganarsa.

Ba sunanta ke nan ba. Ciwon baya ne ya raɗa mata shi, don tun daga ƙofar kamfanin har teburinta ba abin da take ji sai "sannu, Anti". Ciwon kuwa ba ya zuwa hutu. Yau ya zauna a ƙugu, gobe ya gangara ƙafa ya gaida yatsu ya dawo. Ta gwada filo, ta gwada bel, ta gwada man zafi har duk ofis ya haddace warinsa. Likita ya gama ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa ya ce ko ta daina jijjigar mota da wunin kujera, ko wata rana a kawo masa ita a ɗauke.

Aikinta amsa koken masu sayen kayan kamfanin ne, ta waya da kwamfuta. Mai fushi a waya bai damu ba ko a zaune kike ko a kwance, in dai ya sami wadda zai zazzage wa. Shi ya sa ta roƙi a bar ta ta yi aikin daga gida. In an hana, sai ajiye aiki, ga yara a makaranta, ga maganin da asibitin kamfani ne ke ba ta.

Matsalar ita ce Oga.

Ofishinsa na can ƙololuwar bene, lif ɗin da ke hawa da mutane kuma ya mutu tun ba a san ranar ba. Motarsa na wurin ajiyarta kafin maigadi ya gama hamma, tana nan kuma bayan kowa ya tashi. Ba ya saukowa, ba a hawa wurinsa. Duk mitin ta allo ake yi: ga fuskarsa, ga agogo a bayansa, ga takardar shaidar digiri cikin gilashi, duk a jikin wani bango mai laushi, ruwan toka, wanda aka ce irin na manyan ofisoshin zamani ne.

Ma'aikata na sha'awarsa ƙwarai. Kumatunsa sun koma baya, tumbin haɓarsa ya ɓace, har mata na tambayar juna wane mai yake shafawa. Mitin komai tsawonsa ba ya kurɓar ko shayi. Nakatayin da yake ɗaurawa a wuya kullum sai ya karkace ya nufi kunne, samarin ofis kuma suka ɗauka yayi ne, suka fara karkata nasu. Wata rana yana faɗa, biro ya suɓuce masa ya buge shi a hanci. Aka ce ai ƙarfin zuciya ke nan, ko biro tsoron faɗuwa ƙasa yake a gabansa.

Duk wanda ya nemi aiki daga gida, amsa ɗaya yake samu: "Gida wurin barci ne. Ni kun taɓa ganina na ko kishingiɗa?"

Don haka Anti ta yanke shawarar hawa da ƙafarta, ya ga tafiyarta da idonsa.

Ta isa tana haki. Sakatare, wani dattijo mai fuskar wanda ya haɗiye sirrin duniya, ya yi wuf ya tare ƙofa.

"Haba Anti, da kanki? Ai Oga ba ya son iskar mutane. Zauna nan, in haɗa ku."

Ya juyo mata da kwamfutarsa. Sai ga Oga, ga agogo, ga digiri.

"Ranka ya daɗe, ni ce mai bayan nan."

"Kowa ma yana da baya, Anti."

"Nawa ya fi na kowa surutu, Oga. A kwance kaɗai yake yin shiru. In na kwanta, wallahi sai in amsa waya har mai koke ya gaji ya ba ni haƙuri."

"A kwance!" Oga ya yi dariya, nakatayi na lilo wajen kunne. "Wane irin aiki ake yi a kwance? In na bar ki, gobe mai ciwon haƙori ma zai zo. Ki sayi filo."

"Ina da filo har da na aro."

"To ki ƙara haƙuri. Magana ta ƙare."

Anti ta dafa tebur za ta miƙe, idonta ya kawo ruwa, tana tunanin abin da za ta faɗa wa yara. Sai ta tsaya.

Wata farar kyanwa ce ta shigo allon. Ta bi ta jikin bango a natse, ta taka digiri, ta shinshina agogo, ta zauna a kansa ta fara lasar ƙafa.

Sakatare ya ɗaga kai yana nazarin silin.

"Oga," in ji Anti a hankali, "wannan kyanwar taka, a bango take zama?"

"Na sake tunani," in ji Oga da sauri. "Daga gobe, gida. Kuma ba sai kin yi hira da kowa ba."

Ya miƙa hannu sama yana laluben inda ake kashewa, amma ya makara. Wasu ƙafafu biyu cikin silifas suka tako bangon, da tsintsiya a gefensu, muryar mace ta ce, "Baban yara, mirgina kaɗan in share ƙarƙashinka, ga ruwan gashin bayan naka can yana hucewa."

Ashe bangon nan kafet ɗin falon gidansa ne, Oga kuwa duk shekarun nan a kwance yake mulkin kamfanin, rigingine, da kwamfuta rataye a saman hancinsa.