Sensei Mai Shuɗin Zare

Chizuru na cikin goge allo aka turo ƙofa. Maimakon tsohuwar malamarsu, sai ga wani matashi da farar riga. Ya rusuna, ya ce malamar tana asibiti, shi aka roƙa ya riƙe ajin.

Ta sulale zuwa kujerar baya, ta ja takunkumin fuskarta har gindin idanu.

Ajin manya ne, na waɗanda karatu ya kuɓuce musu tun suna yara. Kowace Laraba takan ce wa mijinta za ta gaida yayarta, sai ta hau jirgin ƙasa ta zo nan. Da sunan gidan ubanta, Nagase, ta shiga. Tsoronta ɗaya ne, kada mijin ya gane cewa matar da ya aura ko takardar magani ba ta karantawa sai da ƙyar.

Kinue, tsohuwa mai sayar da awara, ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ke 'yar nan, ɗago ki ga kyau." Ta ɗaga murya ga sabon malamin. "Sensei, kana da mata?"

Ya amsa, yana haɗa sunanta da "san" na girmamawa. "Ina da ita, Kinue-san. A buɗe littafi."

"To ka gaya mata ba a ɗinka maɓallin farar riga da shuɗin zare."

Aji ya kwashe da dariya. Kunnuwan Chizuru suka ɗauki zafi, ta kafa wa teburinta ido.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso layin baya bai ko tsaya ba.

"Nagase-san, zo allo."

A aji ba mai kiran malami da sunansa, sai dai Sensei, wato Malam, ko da ɗanka ne na cikinka. Ta miƙe, ta amsa kamar kowa.

"To, Sensei."

Ya ce ta rubuta harafin da ke nufin gida, wanda a rubutunsu zane guda ne mai rufi da ƙafafu. Ta ɗauki alli, ta ja rufin, ta ja ƙafafun, ta tsaya. Ta san akwai abin da ya ɓace, ba ta san ko mene ne ba. Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ya karɓi allin, ya ƙara ɗan layi guda.

"Kin kusa. Wannan kaɗai ya rage."

Da aka tashi, kowa ya rusuna ya yi godiya ya fita. Ta so ta laɓe a bayan Kinue, amma ya riga ta.

"Nagase-san."

"Na'am, Sensei."

Yana ɗaure kwanon abincinsa a ƙyalle, bai ɗago ba. "An tashi daga aji, Chizuru. Jira ni a tasha. Zaren kuma kada ki warware, haka nake son sa."

Ta tsaya riƙe da jakarta, fuska kamar garwashi. Tun da aka ɗaura musu aure, yau ce rana ta farko da ta kira mijinta Sensei.