Ƙanƙara a Lagireton Kwamfuta

Mamuda, ka ce kifin da kake kiwo suna girma lafiya lau, amma kana so ka ninka musu abinci don su fi na maƙwabcinka. To, saurara in ba ka wani misali, in ka ji sai ka je ka yi abin da ka ga dama.

Akwai wani mutum mai ɗaukar bidiyon biki, yana da ɗan shago a bakin kasuwa da kwamfutar tebur wadda yake haɗa aikinsa a kai. Da bazara ta kankama sai kwamfutar ta riƙa ɗaukar zafi, fankokinta su yi ta kuka kamar injin markaɗe, can kuma ta ɗauke ɗif ana tsakiyar aiki. Da abin ya ishe shi, sai ya sayo kayan sanyaya ta da ruwa: ɗan famfo, da tiyo, da ƙaramin lagireto irin na mota, da wani farantin jan ƙarfe da ake ɗorawa a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ruwa ya bi ta farantin ya kwaso zafi, ya kai lagireto fanka ta sanyaya shi, ya sake zagayowa, iyakar hikimar ke nan. Kada kuma ka ɗauka mutumin nan mai garaje ne. Ya ɗaure bakin kowane tiyo tamau, ya zuba tataccen ruwa, ya shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa, ya bar famfon shi kaɗai yana aiki kwamfuta a kashe, har ya tabbata ko ɗigo ba ya yoyo. Da ya kunna, shiru kake ji. Zafi ya sauka, aiki ya tafi sumul. Da a nan ya tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ka.

Amma ɗan Adam ba ya ƙoshi da lafiya. Akwai wata lamba a gefen fuskar kwamfutar da ke nuna zafinta, sai mutumin ya mayar da ita abin kallo, duk wanda ya shigo shagon sai an nuna masa. Wata rana yana shan zoɓo mai sanyi sai dabara ta faɗo masa: in ruwan ɗaki ya yi wannan aiki, ina ga ruwan ƙanƙara? Ya ciro lagireton waje, ya nutsa shi cikin kula, ya sayo ƙanƙara wajen mai sayar da lemo ya danna a kai. Lamba ta yi ƙasa, shi kuwa baki har kunne. Lokacin ƙarshen bazara ne, hadari na haɗuwa yana watsewa, iska ta yi nauyi da laima. Kowa ya san kofin silba in aka zuba masa ruwan sanyi a irin wannan yanayi zufa yake yi ta baya. Shi ma ya sani, ga kofin zoɓonsa ya jiƙa tebur a gabansa, amma idonsa na kan lamba. Tiyon da ya ɗaure da hannunsa bai yi yoyo ba ko kaɗan, zufa kawai ya yi. Ta taru, ta gangaro, ta ɗiga a kan allon da ke cikin kwamfutar, daidai inda ɗan ma'ajin da ke riƙe da duk bidiyon aikinsa yake manne. Ya ji ɗan ƙara, ya ji ƙauri, shi ke nan.

A cikin ma'ajin nan akwai bikin wata baiwar Allah wadda mahaifinta ya rasu ba da daɗewa ba bayan an kai ta ɗakinta. Tsohon bai yarda a ɗauke shi hoto ba duk rayuwarsa sai ranar, inda ya zauna yana yi mata nasiha yana sa mata albarka. Katin kyamarar kuwa mutumin ya riga ya goge shi ya ɗauki wani bikin a kai. Ya zaga wajen masu gyara, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Ranar da ta zo karɓa tare da mijinta, da ƙyar ya faɗa musu. Ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo. Ta daɗe tana kallon mataccen akwatin nan da kular da ƙanƙara ta narke a ciki, sannan ta ce, "Malam, ko muryarsa kaɗai ba a iya cirowa?" Ya ce ba a iyawa.

Ni ban ce kada mutum ya gyara abin da ya lalace ba, Mamuda. Sanyaya kwamfutar gyara ne, kuma ya yi shi da kyau. Ƙanƙarar ce zarin. Kifinka suna ci suna girma, ka bar su haka, kada ragowar abinci ta ruɓar maka da ruwa ka wayi gari duk sun taso ciki sama. Ba banza ba Bahaushe ya ce, garin neman gira a rasa ido.