Ƙirjin da Babu Zuciya

Larai ta ga jar ƙasa a faratan mijinta Muntaka magini, alhali bai fita aiki ba tun da ɗansu Jaji ya mutu a aikin dolen Turawa. Ta leƙa ɗakinsa, ta same shi a ciki. A bango ya zana ƙirjin mutum da jar ƙasar, haƙarƙari a jere, wurin zuciya kuwa rami ne.

"Malam, ƙirjin wa ke nan?"

"Na wanda ya nuna wa dogarai rumbun da yaron ya ɓuya."

Ta matso, tana zargin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ga ƙashi na uku a karkace, daidai wurin da ta yi wata guda tana gasa wa Muntaka, shekarar da ya faɗo daga soro.

Ta ɗauki mayafinta, ta fice.