Kadan Gwaggo Hajaratu

A tsakiyar bazara Mansur ya tsinci kan wani kada a Takanamat, bayan ɗakin gwaggonsa Hajaratu, jingine da randa. Ita ta tafi suna. Ƙashi ne da ya koma dutse, mai dogon baki siriri, a jiƙe ta gefe guda. Tun da daɗewa marigayi mijinta ya ɗauko shi daga ramin haƙar ma'adinin fosfat. Mansur ya naɗe shi a rawani, ya hau mota zuwa Tawa bai jira ta ba.

Shekara huɗu yana karatun dakta a kan halittun tekun da ya taɓa rufe yankin Adar, bai samo abin da wani bai riga shi samu ba. Jami'a ta ce bana ce ta ƙarshe.

Gane iyalin dabbar bai ba shi wuya ba: Dyrosauridae, dangin kada masu zama a ruwan gishiri, waɗanda suka ga ƙarshen dinoso suka ci gaba da cin kifinsu. Nau'in ne rigima. Farfesansa da ke Faransa ya duba hotunan kan, ya ce irin na wajen Sakkwato ne, an san shi tun kafin a haifi Mansur.

Sai Mansur ya nuna masa kwarmin. A bayan ramin ido na hagu akwai wani gurbi mai santsi, zagayayye, da babu irinsa a kan kowane kada da aka taɓa tonowa. Na dama babu, amma can ɗin ya ɗan farfashe. Mansur ya rubuta shafi arba'in yana bayanin cewa nan ne mazaunin abin da ke tace wa dabbar gishirin teku. Bayan mako biyu Farfesa ya nemi a sa sunansa a takardar.

Aka buga. Sabon nau'i, aka raɗa masa hajaratae don girmama gwaggo. Aka sa kan a akwatin gilashi, aka hana taɓawa.

Bayan damina Dakta Mansur ya koma Takanamat da hoton a hannu. Ya tarar da gwaggo a kan tabarma, ta miƙe ƙafa tana shafa man kaɗanya.

"Gwaggo, sunanki ya shiga littattafan duniya."

Ta karɓi hoton, ta nisanta shi da ido, ta juya shi.

"Ashe kai ne ɓarawon! Ni ina ta zargin ɗiyan maƙwabta." Ta ɗago ƙafa ta nuna masa faso. "Dubi abin da ka jawo mini. Shekara talatin ina goge kaushi wuri guda, sai da ya yi daidai da dundunniyata ka zo ka ɗauke."