Kaset Ɗin Gidan Fatalwa

"Ko aro ne, Baba, na yini ɗaya. Ka dubi girman Allah."

Tsohon ya rungume kaset ɗin kamar jariri. Shekara talatin yana tara tsofaffin finafinan ban tsoro, ɗakinsa cike har rufi, amma wannan ne abin taƙamarsa: fim ɗin wani gidan fatalwa, wanda kwafinsa kaɗai ya rage.

"'Yata, masu manyan motoci sun zo na sallame su. Ko ɗan cikina ba ya taɓa shi."

Na durƙusa na riƙe ƙafarsa ina kuka. Wata huɗu ina neman fim ɗin nan, ga shi likita ya ce jikin mahaifiyata sai dai addu'a.

"To ka zo da shi gidanmu da kanka, mahaifiyata da ke kwance zan nuna wa. Wallahi ba zan taɓa ba."

"Marar lafiya za ki nuna wa wannan? Ai ƙarasa ta za ki yi!"

Duk da haka ya biyo ni, da na'urarsa ta kunna kaset a hammata.

Aka kunna. A cikin fim ɗin, wata tsohuwar ƙofa ta buɗe da ƙara. Mama, wadda ta manta har sunana, ta ɗago kai.

"Ga tagar ɗakina," ta ce.

Na dubi tsohon. "A gidan da aka haife ta aka ɗauki fim ɗin. An rushe shi tuntuni. Shekara biyu kullum tana kuka a kai ta gida."

Mama ta yi murmushi, ta miƙe ƙafa.

"Alhamdulillahi, mun iso. Ku cire mini takalmi."